Alƙaliya da Littafin Bahago

Ɗiyar kawuna ce, ta girme ni da shekara uku, kuma tun da na yi wayo ban taɓa barin ta ta sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba. Ita tana kirana Aji Huɗu, don a nan karatuna ya tsaya ya kafe. Ni kuma na laƙaba mata Alƙaliya, sunan ya bi ta har yaran unguwa ba su san tana da wani ba. Sana'ata sayar da tabarau a bakin kasuwa. Kullum sai ta ce duniya ta ƙare tunda mutumin da ba ya iya karanta allon shagonsa shi ke sa jama'a ganin rubutu. Wannan da nake rubutawa ma, in ya faɗa hannunta, da jan biro za ta bi shi. Ta bi. Na dai ce sai na rubuta.

Shekara talatin ke nan tana aiki a ɗakin karatun unguwarmu. Ɗaki ne dogo mai taga uku, da fanka ɗaya da ke kuka kamar tsohuwar akuya. Teburinta na bakin ƙofa, a kansa akwai akwatin katunan aro, da kwalbar gam, da hatimin buga kwanan wata, da ƙyallen goge bango. Fensir kuwa ba ya zama a tebur, a ɗankwalinta take soke shi. Can ciki, bayan teburin jaridu, nan sashen ƙagaggun labarai yake, kanta biyar ta jera littattafai. Ta farko soyayya, ta biyu bincike, ta uku ban tausayi, ta huɗu ban tsoro, ta biyar ban dariya, wadda gizo-gizo ya haifi jikoki a cikinta. Ta soyayya da ta ban tausayi suna kallon juna ne, in ka tsaya a tsakani ka buɗe hannuwa za ka taɓa su duka.

Dalilin sunan Alƙaliya shi ne yadda take raba littattafai. In aka kawo sabon kwali, ba ta duba hoton bango, ba ta karanta abin da masu bugawa suka rubuta a baya. Babban yatsanta kawai za ta zura ta ƙarshe, ta buɗe shafin ƙarshe, ta karanta a tsaye, ta yanke hukunci. In an ɗaura aure ko an shirya, soyayya. In an kama wani, bincike. In an binne wani ko an rabu, ban tausayi. In wanda aka binne ya taso, ban tsoro. In ta karanta ba ta gane abin da ya faru ba, sai ta jefa wa gizo-gizo. Na rantse na taɓa ganin ta raba littafi ɗari bakwai kafin shayinta ya huce. Ta ce arba'in ne. Ni dai abin da idona ya gani nake faɗa, kuma ni ke da tabarau.

Na sha ja da ita a kan wannan. Wata rana na ce, "To Alƙaliya, in an ɗaura auren kuma aka kama angon fa?"

Ta ce, "Sai in duba wanne ya zo ƙarshe."

"In a layi ɗaya aka yi su?"

"Aji Huɗu, ka taɓa kai layin ƙarshe na wani abu a rayuwarka?"

Na ce mata wannan ba hujja ba ce, cin mutunci ne. Ta soka littafin a kantarsa ta goge hannu, ta ce marubuci yana iya yi maka ƙarya shafi ɗari uku, amma a shafin ƙarshe ba shi da wurin ɓuya. Haka ta yarda, kuma haka take yi da komai. Takardar magani daga ƙasa take farawa. Wasiƙar da mijinta ya rubuta mata lokacin yana nemanta ma, sa hannun ta fara dubawa, ta ga nasa ne, ta ce ta yarda, sauran ta karanta bayan mako biyu.

Mijin nata abokina ne tun kafin ya zama surukinmu. Benci ɗaya muka zauna a firamare. Da hagu yake komai, don haka Bahago kowa ke ce masa. Gyaran agogo yake yi a wani shago da faɗinsa bai kai na durowar kaya ba, in zai yi atishawa sai ya fito waje. Mutum ne da ba ya wuce kalma goma a rana, in ya kuskura ya yi sha ɗaya sai ya kishingiɗa ya huta. Duk agogon da aka kawo masa zai ɗaura masa 'yar takarda da zare, ya rubuta kwanan wata a sama kafin komai. Kullum da rana zai rufe shago ya ɗauko kular abincinta ya kai mata, ya zauna a teburin jaridu. Agogon bangon ɗakin karatun nan, ya sauke shi ya gyara ya fi sau dubu, alhali ko daƙiƙa ɗaya bai taɓa latti ba.

Yana aron labarai a wurinta, shi kuma daga farko yake karantawa, a hankali, yatsa a ƙarƙashin layi. Da ta buga masa hatimi za ta ce, "Direban ne ya kashe ta." Ko kuwa, "Kada ka damu, za su shirya." Sai ya yi murmushi ya ce, "Ki bari in isa da ƙafata mana." Gobe ya dawo, ta sake gaya masa. Shekara ashirin da shida suna wannan, ita ba ta daina ba, shi bai fasa aro ba. Ni a ganina duk hirar aurensu ke nan, kuma ta ishe su.

Abin da zan faɗa yanzu ban san shi a lokacin ba, daga baya ta gaya mini. Ashe Bahago ya sayi littafin rubutu, irin mai murɗaɗɗiyar waya a gefe, yana rubuta labari a shago in babu mai kawo gyara. Babu wanda ya sani. Wata rana hadari ya haɗu da hantsi, ta ga ya manta lemarsa a ɗakin karatu tun jiya, ta ce bari ta miƙa masa. Ta tarar ya tafi rataya wa wani agogon bango, telan da ke maƙwabtaka da shi ya ce ta shiga ta jira. Tana ajiye lemar ta ga littafin a ƙarƙashin tiren sukurori. Ta ce mini wallahi ba ta yi niyya ba, yatsan ne ya yi aikinsa. Ta buɗe ta baya, ta sami shafin cike da rubutunsa mai karkata, kwanan wata a sama. Ga abin da ke ƙasan shafin:

"Ya ɗauko jakarsa tun ba ta gama shanya ba. Tana tsaye da fensir a ɗankwali, hannunta na warin gam. Ya ce mata, shekara ashirin da shida ina zaune da ke kamar littafin da kika riga kika san ƙarshensa. Na gaji. Ya ja ƙofa, bai waiwayo ba."

Ta rufe, ta mayar da shi ƙarƙashin tire, ta koma aiki cikin ruwa ba lema. A tsaye ta karanta, a tsaye ta yanke hukunci, kamar kullum. An rabu, ke nan kanta ta uku.

Ba ta tambaye shi ba. In ka san Alƙaliya ka san ba za ta tambaya ba, gara ta haɗiye kwalbar gam. Faɗa ma ba ta yi ba. Tana girki, tana wanki, tana ce masa sannu da zuwa. Sai dai ta ce ya daina wahalar kawo abinci, za ta riƙa zuwa da shi. Da ya zo duk da haka, ya tarar ta ɗora tulin tsofaffin mujallu a kujerarsa. Ya ari littafi, ta buga hatimi ta miƙa masa ba ta gaya masa ƙarshen ba. Ta ɗauko tsohuwar jakarsa ta tafiya daga ƙarƙashin gado, ta wanke ta, ta ɗora a kan durowa inda zai riƙa gani, don kada ya ce ita ta hana shi. Kullum da safe sai ta kalli jakar ta ce yau ne.

Ni na lura da sanyin, amma da yake bakina ya fi kaina gudu, sai na mai da shi abin wasa. Na leƙa ɗakin karatu na ce, "Alƙaliya, ina mai agogo? Ko an tura shi kanta ta uku ne?" Ta kalle ni, ta ci gaba da shafa gam. Ko Aji Huɗu ba ta ce ba. Ranar ya kamata in gane, ban gane ba.

Shi ma ya zo rumfata ya ce tabaraunsa ya yi masa rauni. Na gwada masa guda shida, duk ya ce ɗaya suke. Ya zauna a benci yana juya na bakwai a hannu, can ya ce, "Yayarka ta daina gaya mini ƙarshen labari."

Na ce, "Kai da Allah ya 'yanta? Ai sadaka ya kamata ka yi."

Ya yi irin murmushin nan nasa, ya ajiye tabarau ya tafi. Kalma bakwai ya kawo mini, kusan kason maganarsa na yini guda, na mayar masa da shashanci.

Wata huɗu aka yi a haka. Ranar wata Talata da safe telan ya ji shiru ya yi yawa, har a kan na kullum. Ya leƙa ya same shi zaune, kansa a kan teburin aiki, ɗan gilashin gyara maƙale a idonsa. Likita ya ce zuciya ce. Da na je rufe shagon, agogo kusan talatin suna ta tafiya a bango, duka daidai, babu wanda ya tsaya. Na ji haushinsu ƙwarai.

Alƙaliya ta yi zaman takaba, ta koma aiki. Mutane na yaba haƙurinta. Ni dai na ga ta rame har ɗankwalin ya yi mata yawa, na kuma daina tsokanarta, abin da ya sa na riƙa jin kamar an ɗaure mini harshe da zaren agogo.

Bayan wata biyar 'yarsu, Auta, ta zo daga inda take aure don kwashe kayan shagon. Ita ta ga littafin. Ta buɗe tsakiya, ta ga rubutun babanta, ta kasa wuce layi biyu. Ta kai wa uwar ta ce, "Mama, ashe Baba labari yake rubutawa. Ina so a buga shi a inji a yi masa bango, ko kwafi ɗaya ne a ajiye a wurinki, mutane su ara."

Uwar ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta ce, "A buga. A rubuta ban tausayi a bango."

"Kin karanta ne?"

"Na san inda ya ƙare."

Akwai wata mai buga takardu kusa da rumfata, don haka Auta ta ba ni ta ce, "Kawu, kai mata, ni ba zan iya ba." Na kai. Washegari da hantsi sai ga mai bugun ta zo da littafin a hannu, fuska a yamutse.

Ta ce, "Baba mai tabarau, wannan aikin naku ya fi ƙarfina. Farkonsa ba rubutu. Na yi ta buɗawa, sai shafuka masu kwanan wata kawai, ƙasa fayau. Da rubutun ya fara, mutum na tsaye a bakin ƙofa. Shafi na gaba yana kan hanya. Na gaba yana cikin mota. Shi wannan da baya yake tafiya?"

Na karɓa na duba, sai dariya ta kama ni, irin wadda rabona da ita tun kafin rasuwar. Na tuna da mu a aji uku. Ɗinkin tsakiyar littafi yana tokare wa Bahago hannu, don haka sai ya riƙa buɗe littafinsa ta baya, ya yi rubutu a shafin hagu, ɗinkin ya koma damansa, yana tafiya yana dosar gaba. Malaminmu ya karya rula ta fi ɗari a yatsunsa a kan wannan, bai daina ba. Ashe har ya tsufa yana yi, balle da waya a gefe. Matarsa ba ta taɓa gani ba, don duk rubutun da ta san shi da shi na 'yan takardun agogo ne da wasiƙa falle ɗaya. A duniya ni kaɗai na sani, ni da malamin, shi kuma ya daɗe da rasuwa.

Na ce mata, "Juya shi, 'yata. Ƙarshen nan shi ne farko."

Amma na ce ta ba ni tukuna. Na zaɓi tabarau mafi ƙarfi a rumfa, wanda in ka sa za ka ga hantar sauro, na zauna. Kwana uku na yi ina karatu, masu saye na zuwa ina korarsu. Tun da aka haife ni ban taɓa karanta abin da ya wuce takardar gayyata ba.

Shafin jakar nan shi ne na farko. Mutumin ya fita ya je tasha, bai san inda za shi ba, ya shiga motar da ta fara cika. Duk garin da aka tsaya sai ya ga agogon tasha ba daidai ba, ya rasa wa zai gaya wa. A wani wuri ya sayi labari a hannun mai talla, ya fara karantawa, ya kai shafi na ashirin gabansa na faɗuwa, ya kasa ci gaba. A nan ya gane shi matsoraci ne tun asali, kuma abin da ya sa ya iya karanta littattafai duk shekarun nan shi ne akwai mai gaya masa tun a bakin ƙofa cewa za su shirya, ko ba za su shirya ba, ya shiga da shirinsa. Ya sauka a tsakiyar hanya. Babu motar komawa, ya taho a ƙafa, takalminsa ya tsinke, ya ɗaure da igiyar jaka. Shafi wajen arba'in yana tafiya yana tsara abin da zai ce mata, kowanne ya tsara sai ya ga ya yi tsawo. Har ya iso. Layin ƙarshe da Bahago ya rubuta shi ne:

"Ya ji motsinta a ciki, tana jan kujera. Ya ɗaga hannun hagu zai ƙwanƙwasa, sai"

A kan "sai" ɗin nan ya tsaya. Daga nan shafukan kwanan wata ne. Yakan zauna ya rubuta ranar a sama yadda ya saba, sai kuma babu komai a ƙasa. Na ƙirga sun kai sittin.

A nan na yi wautar da ba zan manta ba. Ban san labarin lema ba. Na ɗauka bayan rasuwar ta leƙa shafin baya ta yanke hukuncinta. Abin da ya zo kaina kawai shi ne yau na kama Alƙaliya, gardamar shekara talatin ta zo ƙarshe, kuma ko banza za ta ji daɗi mijinta ya yi mata littafi. Na sa hulata mai kyau, na saka littafin a hamata, na tafi ina fito.

Na same ta tana liƙa bangon wani littafi, yara biyu na teburin jaridu. Na dire littafin a gabanta na ce, "Ranki ya daɗe, an ɗaukaka ƙara."

Ta ce, "Ɗauke mini wannan daga nan."

"Wace kanta kika ce?"

"Ka ji ni."

"To karanta mini ƙarshen, tunda ni Aji Huɗu ne."

Ba ta buɗe ba. Ta faɗe shi da ka, kalma bayan kalma, tun daga jaka har bai waiwayo ba, idonta a kan gam. Ya kamata wannan ya tsayar da ni. Mutum ba ya haddace abin da ya leƙa sau ɗaya sai in ya daɗe yana kwana da shi. Amma na riga na ɗauko gudu.

Na ce, "Wannan ai farko ne, Alƙaliya. Mijinki bahago ne, ta baya yake fara littafi tun muna aji uku. Shekara ashirin da tara kina raba littattafai, na gidanki ya kayar da ke."

Na jira ta jefe ni da ƙyallen goge bango. Ba ta motsa ba. Gam na ɗiga daga buroshi a kan tebur, ita da ba ta yarda ko ɗigo ɗaya ya zuba. Can ta miƙe ta ce wa yaran su yi haƙuri su dawo gobe, ta rufe ƙofa ta sa sakata. Ban taɓa ganin an rufe wurin nan da rana ba. Ta kwashe mujallun da ke kan kujerarsa ta zube a ƙasa, ta zauna a kai, ta buɗe littafin ta baya, ta juya shafin zuwa na biyu.

Na zauna a kan wani kwali. Fanka na ta kuka. Tana karatu da yatsa a ƙarƙashin layi, ban san ko ta san tana yi ba. Sau ɗaya ta yi 'yar dariya, ina jin wajen takalmin ne. Wajen la'asar ta kai "sai". Ta daɗe a wurin. Ta duba kwanan watan da ke saman shafin, ta tashi ta je teburinta ta buɗe akwatin katuna, ta yi ta lalube har ta zaro katin aron Bahago. Ta haɗa kwanan watan shafin da ranakun da ke hatimin katin tana dubawa.

Ta ce, "Ranar ruwan nan ce."

Na ce, "Wane ruwa?"

A nan ta gaya mini komai, lema da tire da jakar da ta wanke. Muryarta ko rawa ba ta yi, kamar tana karanta wa wani dokokin aro. Ta ce da safen ranar ya rubuta wannan shafin, ya tafi rataya agogo, ta zo. Da yamma ya koma gida ya tarar da matar da ba ta magana. Ta juya shafukan kwanan watan ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa mini abin da ta yi a kowace rana. Ranar nan ta ce ya daina kawo abinci. Ranar nan ta wanke jaka. Ranar nan ya tsaya a ƙofar kicin kamar zai yi magana, ta kunna famfo.

Na cire hular. Na ce, "Yaya." Rabona da in kira ta haka tun ina sa gajeren wando. "Yaya, ban sani ba. Ki yafe mini."

Ta ce, "Kai me ka yi? Kai ka karanta daga farko."

Saura maganar bango, don mai bugun na jira. Auta ba ta san labarin lema ba, har yau kuma ba ta sani ba. Da aka buga mata shi daidai ta karanta, ta sha kuka ta ce, "Mama, wannan ai soyayya ce, kowa ya gani ya sani." Uwar ta ce a dokarta ba a shirya ba, ba a ɗaura komai ba, mutum na waje ƙofa a rufe. Auta ta ce ai ba a rabu ba kuma, ba a binne kowa ba. Uwar ta kalle ta, Auta ta tuna wanda suka binne, ta bar maganar.

Da muka rage mu biyu na ce, "Yaya, layi ɗaya ne fa ya rage. Kowa ya san abin da zai rubuta. Sai ta buɗe ƙofa, shi ke nan. Ko ni zan iya, in kin gyara mini ƙa'idar rubutun."

Ta ce, "Ni ce a bayan ƙofar, Aji Huɗu. Na san abin da na yi."

Aka buga shi yadda ya bar shi. Ta sa aka bar shafukan kwanan watan, duka sittin da ɗaya, kowanne da ranarsa a sama da farin fili a ƙasa. Mai bugun ta ce asarar takarda ce, ta ce a yi asarar. Bango shuɗi, sunansa kawai, ba a rubuta irin labarin ba. Ta yi masa kati, ta buga hatimi, ta ɗauke shi da hannu biyu ta kai shi kanta ta uku.

Ranar Asabar na je. Tana fama da wani dattijo a kan jaridar da ya zauna a kai, na zagaya ciki na zaro littafin na juya na soke shi a kanta ta farko, tsakanin wasu masu hoton furanni. Ko taki ɗaya ban yi ba, hannu kawai na miƙa. Da na dawo Litinin yana kanta ta uku. Na mayar. Ta mayar. Ba ta taɓa ce mini komai a kai ba, ni ma ban ce ba. Shekara guda ke nan muna wannan, har gefen bangon ya fara koɗewa, ba don yawan masu aro ba. Masu aron ma suna dawo da shi da ƙorafi, wai an yage musu ƙarshe. Ita kuwa in aka kawo sabon kwali yanzu kwana take yi a kan littafi ɗaya, kwalaye sun taru har sun rufe taga ta uku, shugabanta ya gaji da magana.

Asabar ɗin da ta wuce na sa shi a ta farko kamar kullum. Litinin na leƙa, yana nan inda na bar shi. Talata ma haka. Na tsaya a tsakanin kantocin ina goge tabarau da bakin riga, na daɗe ina gogewa. Da zan fita ta ce, ba ta ɗago daga katunanta ba, "Bayana ke ciwo, ban samu shiga can ba."

Na ce, "Allah ya sawwaƙe. Tsufa ne."

Ta ce, "Fita mini, Aji Huɗu."

Laraba da na je, ya koma ta uku.